Tsohuwa Mai Wankin Launi

A garinmu, Vardø, rana kan yi sallama a ƙarshen Nuwamba,
ta ce sai Janairu.
Mu manya mun saba. Mu kunna fitila, mu dafa kofi,
mu ci gaba da ɗinkin koma.
Amma Eilif shekararsa huɗu,
wannan ne duhun farko da ya zo ya same shi da wayo.

Ya ce akwai wani a bayan kabad.
Ya ce rigar ruwata da ke rataye ta juyo ta kalle shi.
Na kunna fitilar ɗaki, ta kicin, ta banɗaki,
gida ya koma kamar jirgin da ke neman ceto,
shi kuwa ido biyu,
ya damƙe hannun rigata kamar igiyar ruwa za ta ja shi.

Ran Laraba uwarsa ta biya ta laburare
kafin ta wuce aikin dare a asibiti.
Ta ajiye littafi a kan tebur, kusa da busasshen kifi.
Siriri ne, ya sha hannu,
wani yaron ma ya taɓa cizon kusurwarsa.

Shafin farko baƙi ƙirin.
Na biyu ma haka.
Eilif ya ce a rufe.
Na ce mu leƙa na uku, in bai yi ba sai mu rufe.

Sai ga wata tsohuwa, gajeruwa, safarta wari da wari,
ta saɓo buhun da ya fi ta girma.
Sunanta Duhu, in ji littafin.
Gida-gida take bi bayan an kwanta,
ta zare ja daga jikin kofi,
ta zare shuɗi daga bargo, ruwan ɗorawa daga motar wasa,
ta kai bakin teku ta wanke, ta shanya,
kafin asuba ta mayar wa kowa nasa.
Shi ya sa ba a ganin launi da dare.
Yana wurin wanki.

Ya daɗe yana kallon safar nan.
Can ya ce, "Baba, to me ya sa namu ke daɗewa?"
Littafin bai faɗa ba.
Ina jin mai zanen 'yar kudu ce, inda gari ke wayewa kullum.
Na ce, "Mu ne ƙarshen layi.
Kuma kai ka san yadda kake yi da wandonka."
Ya yi dariya har da shaƙuwa.

Dare goma sha ɗaya muna karantawa.
Ya haddace. In na tsallake layi ya mayar da ni.
Fitilar banɗaki ce ta fara hutawa, sannan ta kicin.

A na sha biyu iska ta taso daga teku,
wuta ta ɗauke gari duka.
Ni ne na daskare.
A irin wannan daren ƙanena Torleif ya fita da jirgi,
shekara tara ke nan,
hularsa kaɗai ruwa ya dawo mana da ita.
Ban taɓa gaya wa kowa ba
cewa fitilun nan ba don yaron kaɗai nake kunna su ba.

Ina laluben tocila sai na ji ƙaramin hannu a gwiwata.
"Yi a hankali, Baba. Tana aiki."
Na ji tafiyarsa, ɗis-ɗis, har bakin ƙofa.
Ya ajiye mata jar safar hannunsa,
wadda miya ta ɓata tun Litinin,
ya dawo ya kwanta, ya juya mini baya.

Na zauna a duhun har numfashinsa ya daidaita.
Sannan na ɗauki safar na kai famfo.
Ruwan kamar wuƙa.
Ina cuɗawa, ba na ganin ko ta fita,
ina dai cuɗawa.